Soni, Waya ko Switch: Abin da Na Faɗa wa Yaya Kafin Ta Fitar da Kuɗinta

Wata Alhamis bayan isha'i Yaya ta kira ni daga Makka. Dawowata ke nan daga aiki a nan Jidda, ko takalmi ban cire ba. Gaisuwar ma a tsaitsaye ta yi ta, sannan ta ce, "Kai ne ka san kan waɗannan abubuwan. Na yi wa ɗanka alkawarin Soni in ya ci jarrabawa, ga shi ya ci, ya hana ni sakat. Ƙanwarsa ta ce ita ma sai an yi da ita. Babansu kuma ya ce a bar ɓarnar kuɗi, a canza masa waya kawai, ai duk gem ɗaya ne. Wanne za mu yi?"

Na ce, "Yaya, wannan ba maganar waya ba ce. Ki ajiye min tuwo, gobe bayan Juma'a ina nan tafe."

Abin da na shimfiɗa mata a falo washegari shi zan kawo a nan, don na san ba gidanta kaɗai ake wannan ja-in-ja ba. Daga unguwannin Sharar Mansur da Misfala a Makka har nan Jidda, duk gidan Bahaushen da ke da yaro ɗan shekara goma zuwa sha biyar, sai an yi ta. A ƙasar nan ba mai wahalar da bakinsa ya ce PlayStation. Soni kawai ake cewa, sunan kamfanin ya cinye sunan kayan, kamar yadda a gida kowane garin sabulu Omo ne. Ni kuwa na fara riƙe hannun gem tun zamanin PlayStation 2, lokacin da muke tara riyal-riyal mu je shago a buga Pro Evolution Soccer 6 na 2006, kowa na rigimar ɗaukar Inter saboda Adriano, mutumin da in ya sako ƙwallo daga nesa sai dai mai tsaron gida ya yi salati.

Yaron ya riga ya shirya hujjarsa a waya. Akwai shafin da ake kira Metacritic, wanda ke tattara sharhin jaridu da mujallun gem ya fitar da maki ɗaya bisa ɗari. Ya nuna min Elden Ring, maki 96, gwarzon wasan shekarar 2022. Ya nuna min Baldur's Gate 3, shi ma 96, gwarzon 2023. Ya ce, "Kawu, ka gani ko? Duk babu su a waya."

Ban musa ba. Elden Ring ya ci makinsa da guminsa, ni kaina ya cinye min dararen wata uku. Amma ya kamata a san wa ke ba da makin nan. Babban mutum ne wanda sana'arsa ke nan, zai zauna shi kaɗai gaban ƙatuwar talabijin ya yi awa sittin ko ɗari a kan wasa ɗaya, Turanci a bakinsa kamar ruwa, kuma ba wanda zai aike shi sayo burodin tamis yana tsakiyar yaƙi. Elden Ring wasa ne da dodo ɗaya zai kashe ka sau ashirin kafin ka gano ta inda ake ɓullo masa. Ba ya nuna hanya, ba ya lallashi. Baldur's Gate 3 kuwa rabinsa karatu ne da doguwar hira, na 'yan shekara 18 ne, kuma akwai abubuwan da ba za ka so su bayyana a allo ba alhali Yaya na zaune a gefenka. Makin gaskiya ne, sai dai ba yaron Misfala ɗan shekara sha uku aka auna da shi ba.

Makin kan yi yaudara ta wata fuskar ma. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020, masu sharhi suka gwada shi a manyan kwamfutoci suka yaba. Waɗanda suka saye shi a PlayStation 4 wani abu dabam suka tarar: motoci na nutsewa cikin ƙasa, mutane na ƙamewa kamar gumaka, wasan na mutuwa yana tashi. Ba a rufa kwana goma ba Sony ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yunin 2021. Suna ɗaya, hoton kwali ɗaya, amma abin da za ka samu ya danganta da na'urar da ka sa shi. Don haka in za ka duba maki, duba wanda aka ba shi a irin na'urarka. Girman kamfani ma ba lamuni ba ne. A 2024 Sony ta fitar da wani wasan harbi mai suna Concord, mako biyu kacal aka rufe shi don ba a samu masu shiga ba.

Ni awo biyu nake yi wa wasa kafin ma in kalli kyan hotonsa, kuma su na ba Yaya. In an kira salla, ko uwa ta ƙwala kira daga kicin, ana iya tsayar da shi a dawo a ci gaba? Sannan bayan an biya kuɗinsa, ya gama roƙo, ko kullum hannunsa na cikin aljihunka? Da ta ji na farkon sai ta gyara zama.

Muka fara da wayar, tunda ita babansu ke so, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Waya tana karatu, tana kiran gida, tana shiga aljihu, manyan wasanninta kuma kyauta ake saukewa. PUBG Mobile ya fito a 2018. Mutum ɗari ake zubawa a tsibiri, a yi ta farautar juna har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya, zagaye guda kan kai rabin awa. Free Fire na kamfanin Garena ya girme shi da 'yan watanni, mutum hamsin ne, minti goma an tashi, kuma tun asali don ƙaramar waya aka gina shi, shi ya sa ya kame yara daga Brazil har Kano. Call of Duty Mobile na 2019 shi ya fi santsi a yatsa a ganina, amma yana cin wuri a waya kamar gara.

In ingancin aiki zalla ake magana, PUBG ya yi wa Free Fire nisa. Za ka ji takun mutum a saman bene ka san ta wace kusurwa yake, kowace bindiga da nauyinta da yadda take ja da baya, fili na da faɗin da zai sa ka yi dabara maimakon gudu kawai. Free Fire hotonsa kamar katun, komai cikin gaggawa, kuma jarumansa suna da baiwa ta musamman kowa da tasa, ta yadda wanda ya buɗe jarumi mai kyau ya shigo fili da rinjaye tun kafin a harba harsashi. Amma duk su ukun sun faɗi awona biyu warwas. Ba a tsayar da su, don sauran 'yan wasan ba za su jira ka ka yi alwala ba. "Saura kaɗan" ɗin da iyaye ke ji daga ɗaki ba ƙarya yaron yake yi ba. In ya fita ya bar abokansa uku a bakin wuta, gobe a makaranta shi ne abin zagi. An gina wasan ne yadda tashi daga kansa zai zama cin amana.

Sai kuɗi. Kuɗin cikin PUBG sunansa UC, amma yaran ƙasar nan shadda suke ce masa, daga Larabcin 'yan gem. Yaya ta ce watannin baya da ta ji yaron na roƙon babansa kuɗin shadda har daɗi ta ji, ta ɗauka ya fara sha'awar ɗinkin Sallah irin na gida. Sai da ƙanwarsa ta tona masa asiri. Yadda abin yake, ka saya da riyal na gaske, ka buɗe akwati, a juya maka, ko ka samu rigar da kake hari ko ka samu tarkace, sai ka sake. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin waɗannan akwatuna caca ce a dokarta. Wani abokin aikina ya taɓa barin katinsa na banki a maƙale a wayar ɗansa, cikin dare biyu wani wasa ya lashe masa kuɗin cefanen mako biyu, saƙon banki na shigowa yana barci. Yaron ko da aka tsare shi bai san ma nawa ya kashe ba, shi dai dannawa yake yi.

Ga zafi kuma. Waya mai matsakaicin kuɗi, a zafin Makka na watan Yuli, minti ashirin cikin irin wannan wasa sai ta zama kamar dutsen guga, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, hoto ya fara tsalle, batir ya tsufa kafin lokacinsa. Abu mafi muni a wurin uwa, waya tana bin yaro cikin bargo. Talabijin ba ta yin haka.

Ba ina cewa waya ba ta da mutanenta ba. Direban da ke jiran fasinja a bakin otal, mai gadin da dare ya yi wa tsawo, matashin da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum huɗu babu inda zai kafa talabijin, waɗannan waya ce tasu, kuma ludo ko kartar baloot ko Free Fire na minti goma sun ishe su. Babba ya san zafin riyal. Yaro ɗan sha uku bai sani ba.

Muka dawo kan Sonin. PlayStation 5 ta fito a Nuwambar 2020, kuma in za a faɗi gaskiya, ƙwallo ce ke kai yawancin yaranmu gare ta. Wasan da har gobe muke kira Fifa, duk da cewa tun 2023 kamfanin EA ya raba gari da hukumar FIFA ya koma kiransa EA Sports FC. Masu sharhi a 'yan shekarun nan maki saba'in da 'yan kai suke ba shi, kuma kukansu ɗaya ne kullum: tuwon bara ne aka yi wa ɗumame, a canza riguna, a sauya wa 'yan wasa ƙungiya, a sake karɓar cikakken kuɗi. Ba su yi ƙarya ba. Amma ɗumamen nan shi ke tara samari goma a istiraha, wato gidan shaƙatawa, daren Juma'a, ana shan shayi ana ihu, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Gasar Saudiyya na ciki, za ka ɗauki Ittihad abokinka ya ɗauki Hilal, mai sharhi na zuba Larabci kamar a filin wasan Jauhara na Jidda ake yi. Mutum biyu a kujera ɗaya, ba ruwansu da intanet, in an kira salla a danna maɓalli ɗaya ƙwallo ta tsaya a iska har a dawo. Wannan daɗin ba ya shiga lissafin mai sharhi da ke zaune shi kaɗai.

Sai dai wasan na da wata ƙofa a ciki mai suna Ultimate Team, kuma nan ramin yake. Za ka haɗa ƙungiyarka da katunan 'yan wasa, katunan kuwa a cikin ƙunshi suke wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Ana iya tarawa da gumi, ana iya saye da kuɗi, kuma an tsara abin yadda mai gumi zai riƙa gamuwa da mai kuɗi yana shan kashi har ya gaji ya sa hannu a aljihu. A Janairun 2019 EA ta daina sayar da kuɗin cikin wasan a Beljiyam saboda waccan doka. Abin takaicin, duk abin da ka tara a shekara, in sabon wasa ya fito a watan Satumba, daga sifili za ka fara. Wato wasa ɗaya ne mai fuska biyu, ɗaya ta haye awona duka, ɗaya ta faɗi duka. Na ce wa Yaya in ta ji yaro ya fara ambaton "fakiti" ko "bakej", to ya shiga ƙofa ta biyu.

Kishiyarsa eFootball, magajin Pro Evolution Soccer ɗinmu na da, kyauta ne. Fitowarsa a 2021 abin kunya ce, har hotunan fuskokin 'yan wasa suka zama abin dariya a duniya. An gyara shi sosai daga baya, kuma har yanzu ni na fi jin nauyin ƙwallo a ƙafa a cikinsa, amma ƙungiyoyin da ke da sunansu na gaskiya ba su kai na FC ba, shi ma kuma yana da nasa roƙon.

Inda Soni ta fi ƙarfi a ganina ba ƙwallo ba ce ma, wasannin labari ne, waɗanda ke da farko da ƙarshe. Kowace PlayStation 5 tana zuwa da wani ɗan wasa kyauta a ciki, Astro's Playroom, wanda ƙaramin mutum-mutumi ke tsalle-tsalle, hannun na kaɗawa a tafinka har ka ji bambancin tafiya a kan yashi da kan ƙanƙara. Babban wasan da ya biyo bayansa, Astro Bot, shi ya zama gwarzon wasan 2024, kuma nan ne wuri ɗaya da ni da masu sharhi muka yi baki ɗaya ba tare da wani "amma" ba: ba jini, ba ashar, ba shago a ciki, 'yar shekara tara za ta iya, babanta ma zai karɓa ya ce bari ya gwada. It Takes Two na 2021 ba ya yiwuwa sai da mutum biyu, dole wa da ƙanwa su haɗa kai ko su tsaya wuri ɗaya, ko da yake labarinsa na iyayen da ke shirin rabuwa ne, a san da wannan. Wasannin Spider-Man sun dace da ɗan sha biyar zuwa sama, kuma da yawa daga wasannin Sony suna zuwa da Larabci, abin da ke da muhimmanci ga yaranmu da suka yi makaranta a nan, waɗanda Larabcinsu ya fi Turancinsu, wani lokaci ma ya fi Hausarsu.

Akwai guda ɗaya da na ajiye wa babansu, ba yaron ba, don na manya ne. Assassin's Creed Mirage na 2023, wanda aka kafa labarinsa a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, ƙarni na tara. Masu sharhi saba'in da wani abu suka ba shi, wai gajere ne kuma bai kawo sabon abu ba. Ni gajartar ce ta burge ni, mai aiki zai iya gama shi cikin makonni kaɗan. Kuma akwai abin da makin ba zai nuna ba: ka hau saman soro da magariba, ga kasuwa a ƙasa, ga Baitul Hikma can, kiran salla na tashi daga cikin garin, mutane na magana da Larabci tsantsa in ka zaɓi muryar Larabcin. Wanda ya girma da jin sunan Bagadaza a bakin malamai, wannan kallon ya fi masa maki goma. A ƙarshen 2025 ma an ƙara masa wani ɓangare kyauta da aka kafa a Al-Ula, nan ƙasar.

GTA V kuwa, wanda kowane yaro zai roƙa, ya fito tun 2013, makinsa 97, kuma aiki ne na ƙwararru ba ko shakka. Amma fashi ne da kisa da gidajen rawa. Lambar da ke jikin kwali, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, ba ado ba ce. Hukumar da ke kula da kafofin watsa labarai a nan tana tace wasanni, har akwai waɗanda ba su shigo ba, kamar Final Fantasy XVI a 2023, amma abin da aka halatta wa ɗan ashirin ba shi aka halatta wa ɗan sha uku ba, kuma mai shago ba lallai ya tambayi shekarun kowa ba.

Sannan lissafin kuɗi, don kuɗin na'urar somin taɓi ne. Sabon babban wasa dala 70 ne a Amurka, wato riyal 260 da 'yan kai kafin a ɗora harajin kashi 15. Hannu ɗaya ke zuwa a kwali, na biyu sai ka saya, kuma a gidan da ke da yara biyu hannu ɗaya masifa ce. Buga wasan da aka saya da mutanen waje ta intanet sai da kuɗin PlayStation Plus na wata-wata, in ban da wasannin kyauta irin su Fortnite. Shawara ɗaya da na nace a kai: a sayi mai cin faifai, ko da ta fi tsada. Mara faifai ta ɗaure ka da farashin shagon kamfani. Mai faifai kuwa za ka sayi na hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, ka yi musaya da ɗan maƙwabta, ka sayar in ka gama. Faifan ƙwallon bara yakan faɗi ƙasa warwas da zarar sabo ya fito, kuma a wasan falo ba abin da ya rage masa sai 'yan canje-canjen 'yan wasa. Wanda aljihunsa bai kai ba, PlayStation 4 ta hannu ba abin kunya ba ce, tana da tarin wasanni masu kyau da arha, a dai gwada ta a gaban mai sayarwa, a saurari fankarta, in tana kuka kamar jirgi zai tashi a bar masa kayansa.

Xbox ban daɗe a kanta ba. Series S ita ce mafi arha cikin sababbin, ba ta cin faifai, kuma da tsarinta na Game Pass za ka samu ɗaruruwan wasanni da kuɗin wata. Ga babban da ke son ɗanɗana komai, ciniki ne mai kyau. Amma ranar da ka daina biya, shagon ya rufe da kayan duka, kuma abokan yaron duk Soni gare su, ba wanda zai ara masa faifai. Kamfanin Microsoft mai Xbox ɗin da kansa ya fara kai wasanninsa PlayStation, Forza Horizon 5 ya je can a 2025. Kwamfuta kuwa, wadda samarin nan ke kira tajmi'a don haɗa ta ake yi gunduwa-gunduwa, ita ta fi kowa ƙarfi kuma wasanni sun fi arha a shagon intanet na Steam lokacin rangwame, amma tana son wanda ya iya kula da ita, kuma ƙofa ce a buɗe zuwa duk abin da ke intanet. "Don karatu ne" da yaro zai ce, mun san wannan waƙar, mu muka rera ta.

Wadda ta ba ni wahalar yanke hukunci ita ce Nintendo Switch. Da a ce ni kaɗai zan zaɓa wa gidan da ke da ƙananan yara uku, ita zan ɗauka ban yi dogon tunani ba. Ta fito a 2017, Switch 2 ta biyo baya a Yunin 2025. Hannunta rabewa yake gida biyu, wato tun daga kwali yara biyu za su iya zama. Mario Kart mutum huɗu ke tsere a talabijin ɗaya, har kaka za ta iya riƙe hannu ta faɗa rami ana dariya. Ka danna maɓalli ɗaya ta yi barci nan take, ka dawo bayan awa uku ka tarar da wasa inda ka bar shi. Akwai manhajar iyaye a waya da za ka ce awa ɗaya a rana, in ta cika ta tsayar da kanta. Zelda na 2017 makinsa 97, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da babba da yaro za su so shi saboda dalili ɗaya. A awona biyu ba na'urar da ta kama ƙafarta.

Amma tana da nata aibun, kuma a nan ƙasar suna da nauyi. Yawancin wasannin Nintendo ba su zo da Larabci ba. Farashinsu ba ya sauka, wasan shekara biyar sai ka tarar da shi kusan kuɗin ranar da ya fito. Sandar hannun tsohuwar Switch ta yi ƙaurin suna wajen karkacewa, mutum ya riƙa tafiya a allo ba ka taɓa shi ba. Ƙwallo a tsohuwar ba ta kai ta Soni kyan gani ba. Sannan abin da ba ya cikin kowane sharhi: yaro ɗan sha uku a Makka in ya ce wa abokansa Switch aka saya masa, cewa za su yi ta yara ce. Alkawarin Soni aka yi masa, kuma ya ci jarrabawa.

Da yaron ya ga muhawara na neman karkata, sai ya fito da makaminsa na ƙarshe. Ya ce, "Kawu, ai sana'a ce yanzu. Dossary fa?" Musa'id Al-Dossary yake nufi, matashin Saudiyya da ya ci kofin duniya na Fifa a Landan a 2018 ya tafi da dala 250,000. Kuma ba ƙarya, kuɗi na yawo a harkar. Gasar duniya ta gem da aka fara a Riyad a 2024 ta raba sama da dala miliyan 60, ƙungiyar Falcons ta nan gida ta zo ta ɗaya, ta kuma maimaita a 2025. A Satumbar 2025 aka sanar da cewa asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya tare da wasu abokan hulɗa za su sayi kamfanin EA ɗungurungum a kan dala biliyan 55. Na ce masa to madalla, amma kafin Riyad sai ya fara cin kawunsa tukuna.

Abin da muka tsaya a kai ke nan. PlayStation 5 mai cin faifai, a falo za a kafa ta, ba a ɗakin yara ba. Hannu biyu. Asusun na babansu ne, na yaran a ƙarƙashinsa, an sa iyakar lokaci, an sa iyakar kashe kuɗi a sifili, ba a maƙala katin banki ba. In za a sayi wani abu, a je shago a sayo katin caji na adadin da aka yarda, in ya ƙare ya ƙare. PlayStation Plus a bar shi sai hutun ƙarshen shekara, a ga hali tukuna. Faifai uku na farko: ƙwallon bara na hannu, Astro Bot don ƙanwarsa, da Minecraft, wanda su biyu za su iya rabe allo su gina gida tare, in ba su rushe na juna ba. Wayarsa tsohuwa tana nan yadda take. Maƙwabciyar Yaya da ta shigo ana tsakiyar magana, mai yara uku duk ƙasa da shekara goma, ita Switch na ce ta saya, kuma ko tsohuwar ta hannu ta wadatar. Ƙanin babansu da ke tuƙi a Madina ya tambaya ta waya, na ce ya riƙe wayarsa ya cire katinsa daga ciki.

Mako biyu bayan nan na koma Makka. Na tarar da ita a kan teburin talabijin, Yaya ta lulluɓe ta da ƙyallen saƙa don ƙura, na cire na yi mata bayanin cewa sai tana shan iska. Yaron ya miƙo min hannu ɗaya ba tare da ya ce komai ba. Na ɗauki Ittihad, ya ɗauki Hilal. Ana minti na sittin yana cina uku da ɗaya aka kira la'asar, ya danna maɓalli ya tashi yana naɗe hannun riga, ya waigo ya ce, "Kawu, kada ka taɓa komai, na haddace inda ƙwallon take."